Toshewar jijiyoyin jinin ƙugu: tambayoyi da amsoshi kan buɗe su da balan-balan da raga

Akwai wani ciwon ƙafa da mutanenmu ke fama da shi shekara da shekaru suna kiransa sanyi. Dattijo ya fito daga Gangare zai tafi Masallacin Juma'a, bai yi nisa ba sai ya ji mazaunai da cinya sun ɗaure kamar an tamke su da igiya. Ya tsaya ƙofar shagon wani kamar gaisuwa ce ta tsayar da shi, bayan minti biyu ko uku ciwon ya sake shi, ya ci gaba, can gaba kaɗan abin ya dawo. A Jos kuwa ba a rasa abin ɗora wa laifi, ga sanyin gari, ga hawa da gangara. Sai a shafa man zafi, a sayo maganin kashe ciwo a kemis, a ce ai girma ne ya zo. Alhali sau da yawa jini ne ba ya isa ƙafar, domin hanyarsa ta ƙuntace tun daga ƙugu. Ga tambayoyin da masu wannan ciwo da 'ya'yansu suka fi yi idan aka ce za a buɗe jijiyar da ɗan balan-balan da ake zurawa cikinta, a tokare ta da raga, wato ɗan bututun saƙaƙƙen ƙarfe.

Wace jijiya ce wannan, kuma a ina take?

Mu Hausawa kalma ɗaya muke da ita, jijiya, ga abubuwa da dama: wadda ke kai saƙon ji, wadda ke ɗaure tsoka da ƙashi, wadda ke mayar da jini zuciya, da wadda ke kawo shi daga zuciya. Ta ƙarshen ake nufi a nan. Babbar jijiyar da ta fito daga zuciya tana gangarowa ta ƙirji da ciki, idan ta zo saitin cibiya sai ta rabu biyu, dama da hagu, kowacce kaurinta kamar ƙaramin yatsa. A cikin ƙugu kowacce ta sake rabuwa: reshe ɗaya ya nutsa ciki yana shayar da mazaunai, mafitsara da al'aura, ɗayan ya wuce ta gindin cinya ya gangara har yatsun ƙafa. Likitoci na kiran waɗannan jijiyoyi iliyak. Jinin ƙafa ta nan yake bi, shi ya sa toshewar wannan wuri take taɓa ƙafar tun daga sama.

Me ke toshe ta?

Kitse da sinadarin kalsiyam ne ke taruwa a bangon jijiyar sannu a hankali, kamar yadda tsatsa ke cike tsohon bututun famfo har ruwa ya koma ɗiga. Babban mai laifi shi ne sigari, musamman a jijiyoyin ƙugu, kuma shisha ba ta fita daga ciki ba. Sai ciwon suga, hawan jini, yawan kitse a jini, ciwon ƙoda da yawan shekaru. Fiye da mutum miliyan 200 ne ke da toshewar jijiyoyin ƙafa a duniya.

Abin da nake so kowa ya riƙe shi ne, cutar ba a ƙugu kaɗai take zama ba. Abin da ya toshe jijiyar ƙafa yana nan yana aiki a jijiyoyin zuciya da na ƙwaƙwalwa. Masu wannan ciwo, bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki sun fi yi musu barazana fiye da yanke ƙafa.

Ta yaya zan bambanta shi da ciwon baya ko ciwon gaɓoɓi?

Ciwon rashin jini yana da ɗabi'ar da ba ta canzawa. Tafiya ce ke tayar da shi, kusan a wuri ɗaya kullum: yau a bakin masallacin unguwa ya kama ka, gobe ma a nan. Hawan tudu ko sauri na sa ya zo da wuri. A tsoka ake jinsa, mazaunai, cinya ko sha-raɓa, ba a cikin gwiwa ba. Tsayuwa kawai ta isa ta kwantar da shi cikin 'yan mintuna, ba sai ka zauna ba.

Wanda ƙashin bayansa ya danne jijiyar ji kuwa, doguwar tsayuwa ma tana tayar masa da ciwon, sai ya zauna ko ya sunkuya yake samun sauƙi. Ciwon gaɓa kuma a gaɓar yake, yakan yi tauri da safe. Wasu dattawan suna da biyu a haɗe, don haka hannun likita ne ke raba gardama.

Akwai abin da nake jin nauyin faɗa: ƙarfina na namiji ya ragu tun da ciwon ya fara. Suna da alaƙa?

Suna da ita, Malam, kuma ba kai kaɗai ba ne. Reshen da ke shayar da mazaunai shi ne ke kai jini ga gaba. Wani likitan tiyata ɗan Faransa, René Leriche, ya bayyana alamu uku da ke tafiya tare idan toshewar ta kama mararrabar babbar jijiya: ciwon mazaunai da cinya wajen tafiya, raunin gaba, da rashin jin bugun jini a gindin cinya. Har yau da sunansa ake kiran wannan yanayi. Ina roƙon maza su faɗa wa likita wannan magana kafin su bi masu maganin ƙarfin maza na bakin kasuwa. Wasu sukan ga sauƙi bayan an buɗe jijiyar, wasu ba sa gani, musamman masu suga da jijiyoyin jinsu suka taɓu.

Wane gwaji za a yi?

Na farko ba ya buƙatar inji: likita ya sa yatsu a gindin cinya, bayan gwiwa, bayan idon sawu da saman ƙafa, ya ji ko jini na bugawa. Idan ka je asibiti da ciwon ƙafa ba a ce ka cire takalmi da safa ba, ka cire da kanka ka ce a duba.

Na biyu, a auna ƙarfin jini a idon sawu da dantse, a raba na ƙafa da na hannu. Lafiyayye yakan samu 1.0 zuwa 1.4. Idan ya zama 0.9 ko ƙasa, akwai ƙuntata. Ƙasa da 0.4, abin ya yi tsanani. A masu suga jijiyar kan yi tauri har awon ya ba da lamba mai kyau ta ƙarya, sai a auna a babban yatsa. Daga nan sai sikanin na dofla mai nuna gudun jini, sannan hoton siti sikan da ake yi da ruwan rini (ruwan da ake turawa cikin jijiya don ta fito a hoto), wanda shi ne taswirar da mai aikin zai bi: ina toshewar take, tsawonta nawa, ta rufe ruf ko da sauran hanya.

Duk wanda aka samu da toshewa sai an sa masa raga?

A'a, kuma ina son a ji wannan da kyau. Idan ciwon wajen tafiya kaɗai yake zuwa, ba ya hana barci, babu gyambo, to ana farawa da barin taba, magani, da tafiya ta musamman. Yadda ake yinta: ka yi tafiya har ciwon ya kama sosai, ka tsaya ya lafa, ka sake tashi, haka har minti 30 zuwa 45, aƙalla sau uku a mako, na tsawon mako 12. Nemi fili shimfiɗaɗɗe, kamar filin firamaren unguwa. Wannan ciwon ba lalata ƙafar yake yi ba. Tsokar ce ke koyon aiki da ɗan jinin da take samu, ƙananan jijiyoyi na gefe kuma suna taimakawa.

A wani bincike mai suna CLEVER da aka wallafa a 2012, an kwatanta hanyoyin a kan mutum 111 masu toshewar wannan wuri. Bayan wata shida, waɗanda suka yi atisayen tafiya ƙarƙashin kulawa sun fi daɗewa a kan injin tafiya, waɗanda aka sa wa raga kuma sun fi cewa rayuwarsu ta yau da kullum ta yi sauƙi. Kowacce hanya tana da amfaninta ke nan.

Ana zuwa ga raga idan an yi wannan ƙoƙari amma ciwon ya hana mutum sana'arsa, kamar ɗan dako a Farin Gada ko mai yawon talla a Taminus. Idan kuwa ciwon ya kai ga tashin mutum cikin dare har sai ya sauko da ƙafar daga gado yake samun sauƙi, ko gyambo ya ƙi warkewa, ko yatsa ya fara baƙi, to babu sauran jira. Ƙafar ce ake ƙoƙarin ceta.

Yaya ake yin aikin?

Ba a yanka ciki. Za a ce kada ka ci abinci na wasu awoyi, a aske gindin cinya, ka kwanta a kan gado ƙarƙashin injin hoto mai nuna cikin jiki kai tsaye a allo. A yi allurar kashe zafi a gindin cinya. Likita ya soka allura cikin jijiyar da ke wurin, ya zura siririyar waya ta cikinta, sannan ya ɗora ɗan bututu a kan wayar, kaurinsa kamar bututun tawadar biro. Ta wannan ƙofa komai zai shiga ya fita. Wani lokaci ana shiga ta cinyoyin biyu, ko ta hannu.

Sai a tura ruwan rini don jijiyar ta fito a allo. A nan za ka ji ɗumi ya ratsa mara kamar fitsari ya kufce maka. Bai kufce ba, ruwan ne. Ana ba da maganin hana jini daskarewa. Aiki mafi wuya shi ne ratsa wayar ta cikin toshewar, musamman idan ta rufe ruf. Da ta wuce, sai a bi da balan-balan a lanƙwashe, a tsayar da shi daidai wurin, a cika shi da ruwa na ɗan lokaci, ya danne dattin ya faɗaɗa hanyar. Wannan shi ne anjiyofilasti.

Raga kuma, wadda likitoci ke cewa sitent, ɗan bututu ne na saƙaƙƙen ƙarfe da ake bari a wurin ya tokare bango kada ya koma. Iri biyu ne: akwai wadda balan-balan ke buɗewa, mai ƙarfi, da aka fi sawa kusa da mararraba inda dattin ya yi tauri, akwai mai buɗe kanta, ta haɗin nikel da titaniyam, mai laushi, da ta dace da inda jijiyar ke lanƙwasa. Wasu an lulluɓe su da wani siririn yadi. Idan toshewar tana daidai mararraba, sai a sa biyu kafaɗa da kafaɗa a buɗe su lokaci guda.

A ƙarshe a sake hoto, a zare bututun, a danne wurin na minti 10 zuwa 20 ko a rufe shi da wata 'yar na'ura. Yawanci awa ɗaya zuwa biyu ne. Sai kwanciya a miƙe ba tare da lanƙwasa cinya ba na awa biyu zuwa shida, wadda mutane da yawa ke cewa ta fi aikin kansa gajiyarwa.

Da zafi? Za a sa ni barci?

Yawanci idonka biyu, sai ɗan maganin kwantar da hankali. Lokacin da aka hura balan-balan za ka ji matsi ko ciwo a mara ko baya, ya tafi da an zuƙe ruwan cikinsa. Idan bai tafi ba, faɗa nan take, kada ka daure don kunya.

Sabon abu ne? Ba gwaji za a yi da Baba ba?

Ya haura shekara 60. A ranar 16 ga Janairu, 1964, likita Charles Dotter a jihar Oregon ta Amurka ya buɗe jijiyar cinyar wata tsohuwa 'yar shekara 82 da ta ƙi yarda a yanke mata ƙafa. Ƙafar ta tsira, ta ci gaba da takawa. Likita Andreas Gruentzig ya kawo balan-balan a birnin Zurich na ƙasar Siwizalan a 1974, kuma a 1991 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ragar da Julio Palmaz ya ƙirƙira, a jijiyoyin ƙugun nan aka fara ba ta izini. Cikin duk jijiyoyin ƙafa, na ƙugu ne suka fi karɓar raga, saboda faɗinsu da ƙarfin jinin da ke bi ta ciki.

Ƙarfen ba zai yi tsatsa ko ya motsa ba? Za a cire shi daga baya?

Ba ya tsatsa, ba a cire shi. Cikin makonni zuwa watanni fatar cikin jijiya takan rufe shi ya zama ɗaya da bango. Ruku'u, sujada, zaman tahiya, noma, duk ba sa motsa shi. Ƙofar bincike ta filin jirgi ba ta cika jinsa ba, kuma ragogin zamani ba sa hana hoton maganaɗisu na em-ar-ai, sai dai ka nuna katin da aka ba ka. Adana katin nan kamar katin ɗan ƙasa.

Wane haɗari ke ciki?

Wanda aka fi gani shi ne taruwar jini da ɗan kumburi a inda aka soka, ya baje da kansa cikin mako biyu ko uku. Wani lokaci ramin bai rufe ba, ya yi ƙullutu mai bugawa da ke buƙatar gyara. Waɗanda ba a cika gani ba amma masu nauyi: bangon jijiya ya tsage ko ya fashe, ko ɓarɓashin datti ya ɓalle ya toshe ƙananan jijiyoyi a ƙasa. Shi ya sa ake son a yi aikin inda akwai raga mai lulluɓi a ajiye da likitan tiyata a kusa. Kana da haƙƙin tambayar wannan kafin ka sa hannu.

Sai ƙoda. Ruwan rini yana wahalar da ƙodar da dama ba ta da ƙarfi, don haka dole a gwada ta tukuna. Mai shan maganin suga na metfomin za a iya ce masa ya dakata na awa 48. Magungunan ciwon jiki irin su diklofenak da ibufurofen, waɗanda masu ciwon ƙafa ke sha kamar gyaɗa, a ajiye su a kwanakin. Faɗa wa likita duk abin da kake sha, har da jiƙo da tsimi, da kuma ko ruwan rini ya taɓa tayar maka da borin jini.

Yaushe zan koma harkokina?

Gida, ran nan ko washegari. Tafiya a hankali tun daga washegari. Ɗaukar kaya mai nauyi, jan guga, tuƙa babur da kusantar iyali, a ba su kamar mako guda. A sha ruwa sosai a kwana biyun farko.

Shi ke nan na warke?

Hanya aka buɗe, cutar tana nan. A kusan mutum 7 zuwa 8 cikin 10 jijiyar tana nan a buɗe bayan shekara biyar, kuma halin mutum bayan aikin yana da babban hannu wajen ɓangaren da zai faɗa. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne a ga iyali sun sayar da fili ko sun yi karo-karo an sa wa mahaifinsu raga, bayan wata uku ya koma kan karan sigarinsa, maganin kuma ya ƙare ba a sake saya ba don ƙafa ta daina ciwo.

Maganin tsinka jini, asfirin ko kilofidogirel mai miligiram 75, na har abada ne. Wasu ana haɗa musu biyun na ɗan lokaci, wasu a ƙara musu ƙaramin awon ribaroksaban. Maganin rage kitse, irin su atobastatin, shi ma ba a barinsa ko da gwajin kitse ya yi kyau, domin yana kare zuciya da ƙwaƙwalwa. A riƙe suga da hawan jini, a ci gaba da tafiyar nan, a je ganin likita a ranakun da aka sa. Idan tsohon ciwon ya fara dawowa a koma da wuri, don raga mai ƙuntata ta fi sauƙin gyara a kan wadda ta rufe.

Zan iya yin azumi?

A kwanakin farko bayan aikin ƙoda na buƙatar ruwa, kuma Allah Ya yi wa mara lafiya rangwame ya rama daga baya. Bayan an murmure, maganin sau ɗaya a rana ana iya mayar da shi buɗa-baki ko sahur. Mai suga ko ciwon ƙoda ya zauna da likitansa tun a Sha'aban.

An ce wa mahaifiyarmu tiyata ta fi raga dacewa da ita. Me ya sa?

Idan toshewar doguwa ce, ta kama babbar jijiya da ɓangarorin biyu, ko waya ta kasa ratsawa, sai a yi kewaye: a ɗinka bututun roba mai siffar wando daga babbar jijiya a ciki zuwa cinyoyin biyu. Ya fi raga daɗewa, kusan 9 cikin 10 suna aiki bayan shekara biyar, amma babban aiki ne, da barci da kwanciyar asibiti ta kusan mako guda, kuma sai zuciya da huhu sun iya ɗauka. Idan kuma dattin ya sauko har gindin cinya, wurin da ke lanƙwashewa kullum, akan yi ɗan yanka a kankare shi, a sa raga a sama a zama ɗaya.

Yatsan Inna ya yi baƙi, ana cewa daji ne, ba ya son allura. Mu kai ta asibiti?

Yau ɗin nan. Na san tsoron: ana cewa asibiti yanka kawai suka sani. Gaskiyar ita ce jinkiri ne ke kawo yankan. Naman da ya mutu ba ya dawowa, amma idan aka buɗe hanya jini ya sauko, maimakon a yanke ƙafa daga cinya ana iya tsayawa a yatsa ɗaya, Inna ta ci gaba da zuwa unguwa da ƙafarta. Kada a yi mata ƙaho, tsaga ko sakiya, domin ƙafar da ba ta da jini ba ta warkar da rauni. Kada a gasa ta da ruwan zafi ko a kanga ta a kaskon wuta lokacin hunturu. Mai suga yakan ƙone bai ji ba. Safa mai kauri marar matsi ta isa. Kuma duk mai wannan ciwo ya mayar da alwala lokacin duba ƙafa: tsakanin yatsu, diddige da tafin ƙafa, sannan ya tsane su.

A ina ake yi, kuma nawa ne?

A fara daga gida. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo, Asibitin Ƙwararru na Jihar Filato da asibitin Jankwano duk suna da likitocin da za su duba ƙafar su rubuta takardar turawa. Aikin kansa yana buƙatar ɗaki na musamman mai injin hoton jijiya, irin wanda ake buɗe jijiyoyin zuciya a ciki, kuma irin waɗannan ɗakuna kaɗan ne a Najeriya, akasarinsu a Abuja, Legas da wasu manyan birane. Wanda ya je Abuja ya shirya kwana a can bayan aikin. Zaman mota na awa huɗu ko biyar ta Keffi da Akwanga bai dace da cinyar da aka soka ran nan ba.

Kayan aikin daga waje ake shigo da su, farashinsu na bin dala, don haka maganar miliyoyin naira ake yi. Nemi lissafi a rubuce: raga nawa ake sa ran sawa, kuɗin kowacce, kuɗin ɗaki da kwanciya, da abin da zai ƙaru idan an buƙaci ta biyu. Mai inshorar lafiya ta tarayya (NHIA) ko ta Jihar Filato (PLASCHEMA) ya tambayi abin da za su ɗauka tun kafin a sa rana. A sa kuɗin maganin kowane wata cikin lissafin tun farko.

Wace alama ce ba a jira gari ya waye a kanta?

Ƙafa ta yi sanyi ƙalau farat ɗaya, ta yi fari ko shuɗi-shuɗi, da ciwo mai tsanani, ta mutu ba ka jin taɓawa ko yatsu suka ƙi motsi. Gudan jini ne ya rufe hanyar, ko da raga ko babu, kuma tsoka ba ta jure rashin jini fiye da kamar awa shida. Kada a ɗaga ƙafar sama, kada a gasa ta, kada a ba mutum abinci, a wuce sashen gaggawa na babban asibiti da katin ragar da kwalayen magungunansa. Idan kuma inda aka soka ne ya ɓalle da jini ko yake kumbura da sauri, a kwantar da shi a miƙe, wani ya danne wurin da ƙarfi da tsumma mai tsabta, kada ya ɗaga hannu har a isa asibiti.